Yadda munka yi da ɗiyar yayata har ta haɗa kiredit ɗinta bayan an rufe makarantarsu

Jama'a duk wanda ke da ɗa ko ƙane da ya shiga SS1 a watan Satumba na 2019 a jihar nan tamu ta Sokoto ya san wannan ajin bai sha da daɗi ba. Sun yi zangon farko lafiya lau, suna cikin na biyu korona ta zo, a watan Maris na 2020 anka rufe makarantu gaba ɗaya. 'Yan ajin ƙarshe an buɗe musu ranar 4 ga Agusta saboda WAEC da anka fara ranar 17 ga watan, amma su 'yan SS1 suna gida har wajen Oktoba. Dawowarsu ke da wuya sai ga abin Ƙanƙara, ranar 11 ga Disamba anka kwashe yara sama da 300 daga makarantar kwana, bayan 'yan kwanaki gwamnatin Tambuwal ta rufe makarantun kwana 16 da ke bakin iyaka, su Isa, Sabon Birni, Goronyo, Gada, Illela, Rabah da sauransu. Daga nan kuma anka kwashe ɗalibai a Kagara, sai Jangebe a Fabrairun 2021, sai Birnin Yauri a watan Yuni. Wane uba ne zai ji waɗannan labaran ya ɗauki ɗiyarshi ya kai makarantar kwana da hannunshi?

Ɗiyar yayata tana ɗaya daga cikin makarantun nan da anka rufe a gabashin Sokoto. An ce a maida su wasu makarantu cikin gari, wasu iyaye sun kai, amma mahaifinta ya ce a dakata a ga abin da Allah zai yi, kuma ban ga laifinshi ba. Dakatawar nan ita ta cinye kusan dukkan SS2 ɗinta. A watan Satumba na 2021 anka kashe netwok a ƙananan hukumomi 14 cikin 23, ko gaisawa da Yaya ta gagara, sai dai mu ba direba saƙo a tasha. Bayan harin kasuwar Goronyo a Oktoba ne Yaya ta sako ta mota da jakar kayanta da ƙullin gero da daddawa, saƙon da direban ya kawo min shi ne, ka san yadda kaka yi da ita ta ƙare makarantar ga, ni dai na gaji da tsoro.

Ni malamin lissafi ne, ina koyarwa a wata makarantar kuɗi a Mabera, to na ɗauka abin ba zai ba ni wuya ba ta fuskar karatu, takardu ne kawai damuwata. Kuma lalle takardun sun ba da wuya. Kafin makaranta ta karɓi yaro a SS3 tana son takardar taransifa da makin gwaje-gwajen da ya yi tun SS1, abin da ake kira CA, domin shi ake turawa hukumar jarabawa a haɗa da abin da yaro ya rubuta. Makarantarsu a kulle take, malamai sun watse, wasu an maido su gari wasu sun koma garuruwansu. Ta hanyar wani abokina da munka yi NCE tare na samu labarin malamin da ke riƙe da kundin ajinsu, na iske shi a Arkilla, Allah ya saka mishi da alheri bai ja min rai ba, ya fito da wani babban littafi da ruwan sama ya taɓa gefenshi ya kwafe min makinta ya kai ni wurin firinsifal ɗinsu ya buga hatimi. Duk wanda yaronshi ya bar makaranta saboda tsaro, don Allah ya nemi takardun nan tun kafin ya buƙace su, don yanzu wasu malaman ko lambarsu ba ka samu.

Da wannan na samar mata gurbi a wata makarantar jeka-ka-dawo ta gwamnati. Ajin ya cika ya batse, wasu a ƙasa wasu a taga, saboda ba ita kaɗai ta gudo ba, kuma malaman suna bin silabos ɗin SS3 ne don shi ke gabansu, ba su da lokacin komawa baya, ko sun so.

Wani dare bayan isha'i na ce ta ɗauko biro da takarda. Da gangan ban ba ta tambayar SS3 ba, na rubuta mata 1/2 + 1/3. Ta kalla, ta kalla, sai ta rubuta 2/5, wato ta haɗa na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa. Na rubuta mata -3 - 5, ta rubuta 2, ta soke, ta rubuta -2, ta sake sokewa. Yarinyar da tun firamare ba ta wuce ta uku a aji. Sai na ga hannunta na rawa, ta ce Kawu wallahi na san abin ga da, ban san inda yat tahi ba. Na ce kar ki damu ɗiyata, yana nan, wata da watanni ba ki taɓa shi ba ne. Amma ni a raina na san aiki ya same mu, domin wanda bai iya firakshan da mainos ba, babu yadda za a yi ya warware kwadiratik ko log, kuma rabin takardar lissafi a kansu take tsaye.

A nan ne nake da magana da wuraren lesin na cikin gari, kuma abokan aikina ne da yawansu, ba ƙiyayya ba ce. Tun ranar farko tambayoyin shekarun baya suke buɗewa, 2015, 2016, 2017, a warware a allo yara su kwafa. Ga yaron da ya yi SS1 da SS2 cikakke wannan shi ne daidai, bita yake buƙata. Amma yaron da ya rasa shekara da rabi, ka ɗora mishi wannan kamar ka ɗora wa jaki kayan raƙumi ne, zai kwafa har littafi ya cika, ya haddace cewa amsar lamba 12 ita ce C, ranar jarabawa a sauya lamba ɗaya a tambayar ya tsaya cak. Mafi muni kuma sai ya yanke wa kanshi hukunci cewa shi daƙiƙi ne, alhali ba a taɓa koya mishi abin ba. Iyaye su biya kuɗi wata-wata suna ganin littafi na cika suna murna.

To sai munka koma baya, can JSS3. Kullum bayan isha'i a tsakar gida. Mainos da bashi na koya mata shi, na ce ana bin ki naira 3 a shagon bakin layi, kika je kika ƙara cin bashin naira 5, nawa ake bin ki? Ta ce 8 mana Kawu. Na ce to rubuta -8. Ta yi dariya, dariyar farko da na ji ta yi tun zuwanta. Da Hausa nake fara bayani har sai abin ya zauna sannan in maimaita da Turancin da za ta gani a takarda, kuma har gobe ina kan wannan ra'ayin ko da wasu malamai na ganin ƙasƙanci ne.

Ba a jima ba labari ya zaga unguwa. Wata maƙwabciyarmu ta aiko ɗan ƙanenta da ya taso daga wajen Sabon Birni, wani mai shayi ya kawo ƙannenshi biyu, kafin ka ce me tsakar gidana ta yi kaɗan, uwargida ta ce Malam ko dai a nemi wuri ko in bar muku gidan. Na je na samu liman da mai unguwa, sunka ba mu aji ɗaya a islamiyyar unguwa a lokacin da babu ɗalibai. Yara goma sha wani abu, mata sun fi yawa. Ba mu karɓi ko sisi ba, amma mun sa sharaɗi, uba ko wa ko kawu ya zo da ƙafarshi mu ga juna, kuma mata a tashe su kafin magariba. Alli da fotokwafi da fiya wata kuwa 'yan unguwa ke haɗawa bayan sallar Juma'a, wani 200 wani 500, wani dattijo mai sayar da albasa shi ya ɗauki nauyin fotokwafi gaba ɗaya kuma ya ce kar a faɗi sunanshi.

Sai ASUU, ƙungiyar malaman jami'o'i, ta tafi yajin aiki ranar 14 ga Fabrairun 2022. Abin bai yi wa kowa daɗi ba, amma mu ya zame mana mafita, don ɗaliban jami'ar Danfodiyo na unguwarmu duk suna gida ba abin yi. Na bi su gida-gida. Wani mai karanta kemistiri ya karɓi kemistiri da fiziks, wata mai karanta Turanci ta karɓi Turanci, wani ɗan likitanci yana leƙowa ya yi bayoloji. Wallahi yaran nan sun yi aikin da kuɗi ba zai biya ba, kuma yajin bai ƙare ba sai Oktoba, don haka har ƙarshen jarabawa muna tare.

A shekarar ne makarantun gwamnati na Sokoto da Zamfara ba su gabatar da ɗalibai a WAEC ba, saboda haka NECO ita ce madogararmu, babu ta biyu da za a ce idan an faɗi nan a ci can. Wannan ya sa munka zauna mu huɗu da silabos da tarin tambayoyin baya, ba don yara ba, don kanmu, muna duba wane babi ne ke fitowa kowace shekara. Munka kasa komai uku, abin da dole sai an iya, abin da za a taɓa in lokaci ya bari, da abin da za a haƙura da shi. A takardar lissafi ta rubutu akwai ɓangaren dole akwai na zaɓi, to ni ban ga amfanin ɓata sati biyu kan lonjitud da latitud ba ga yaron da bai zauna da ikweshan biyu masu x da y ba. Na bar shi, kuma na gaya musu na bar shi, in sun gan shi su tsallake. Haƙura da wani babi yana da ciwo ga malami, amma burinmu kiredit 5 ne har da Turanci da lissafi, C6 ma kiredit ce, D7 da E8 kuwa sunan an ci ne kawai, jami'a ba ta kallonsu.

Turanci shi ya fi ba mu tsoro, fiye da lissafi nesa ba kusa ba. Lissafi in ka gane ka gane, amma harshe ba ya shiga a wata uku. Yaran nan shekara da rabi ba su ji Turanci ba ba su karanta ba, sai ga shi ana son su rubuta insha'i na kalmomi wajen 450, su karanta dogon rubutu su amsa, su taƙaita wani da jimlolinsu, ga kuma takardar furuci. Malamar tasu ta sa doka, kowa kullum sakin layi ɗaya zai rubuto kan abin da ya gani da idonshi, kasuwa, rijiya, layin mai, komai dai. Ranar farko abin da ɗiyata ta kawo layi huɗu ne kuma jan biro ya fi baƙi yawa. Ta koya musu tsarin wasiƙar hukuma da ta zumunci har sai da kowa ya iya zana adireshi da kwanan wata da gaisuwa da rufewa ido rufe, don waɗannan maki ne da ke zube a ƙasa. Sannan kowa ya tashi ya karanta da ƙarfi, wanda ya yi wa wani dariya shi zai share ajin.

Firaktikal kuwa da yawansu ba su taɓa riƙe biyuret ba, wato dogon bututun gilashi mai lambobi da ake ɗiga ruwan sinadari da shi. Ɗan kemistirin nan ya yi wani abu da ba zan manta ba. Ya sa anka jiƙa soɓo ba sukari, ya zuba a kofi uku na gilashi, ya matsa lemun tsami a na farko sai ya ƙara ja jawur, ya zuba ruwan kanwa a na biyu sai ya juye ya koma kore-kore mai duhu, na uku ya bar shi yadda yake. Sannan ya ɗauki sirinji ya riƙa ɗiga ruwan lemun a kofin kanwar ɗigo-ɗigo yana kaɗawa, yara sun kewaye shi ko tari babu, har launin ya juyo. Ya ce to wannan juyawar ita ake jira a taitireshan, sauran duk karanta lamba ne da lissafi. Wata yarinya ta ce Malam ashe abin da Inna ka yi a madafa na. Fiziks kuma dutse da zare munka rataye a ƙofa, ana ƙirga lilo 20 da agogon waya, a sauya tsawon zaren a sake, a zana giraf da fensir mai tsini. Daga baya na roƙi mai makarantar da nake aiki ya ba mu lab wata Asabar, kowa ya riƙe fifet, bututun awon ruwan sinadari, da hannunshi ya cika biyuret ya karanta daidai saitin ido.

Akwai abin da ba ya cikin silabos kuma shi ya fi cin mana lokaci. Wata yarinya in 'yan kabu-kabu sunka wuce da yawa a jere sai ta zabura ta riƙe benci, daga nan karatun ranar ya ƙare gare ta. Wani yaro an kashe mahaifinshi a gona, zai zo ya zauna ya zuba wa allo ido amma ba ya nan. Wani kuma barci yake yi, ashe da dare yake tura baro a kasuwa kuma ba ya karyawa. Mu ba likitoci ba ne, abin da munka iya shi ne mu bar ƙofa a buɗe, mu daina tsawa, bulala kuwa ko kusa, uwargida ta riƙa dama kunu ana kawowa a kula. Malamar Turancin takan zauna da 'yan matan bayan an tashi su yi hira. Duk wanda zai taimaki irin yaran nan ya sani ba karatu kaɗai sunka rasa ba.

Ana cikin haka rajistar JAMB ta taso, kuma ita ma darasi ce mai zaman kanta. Tun 2021 ba a rajista sai da NIN. Yaro zai tura NIN ɗinshi ta tes zuwa 55019 daga layin da yake nashi, a turo mishi lambar furofayil, da ita zai sayi fin, wato lambar rajista, sannan ya je santar CBT, wurin jarabawa da kwamfuta, da anka amince da ita a ɗauki hoto da yatsu. Layin nan kar a yi wasa da shi, kar a yi da na maƙwabci ko na mai kafe, don duk saƙon JAMB ta nan zai riƙa zuwa har ranar admishan. Matsalar da ta fi yawa a yaranmu ita ce suna. A NIN an rubuta Muhammad, a makaranta Mohammed, ko an sa sunan gari a wuri ɗaya a ɗayan an sa na kaka, ko shekarar haihuwa ta bambanta. Tun kafin a tura komai na sa kowa ya kawo silif ɗin NIN munka ɗora shi gefen abin da makaranta ta rubuta munka bi harafi-harafi, wanda bai dace ba munka koma makaranta a gyara kafin a tura sunaye NECO, don gyaran bayan fitowar sakamako kuɗi ne da yawo.

Sannan kwamfuta. Mafi yawansu ba su taɓa dafa mawus ba. Wani mai kafe a unguwa ya ba mu safiya kafin kwastomomi su zo, munka riƙa kai su rukuni-rukuni. Abin da ya kwantar musu da hankali shi ne jin cewa ko mawus ba sai sun taɓa ba, A B C D na amsa, N na gaba, P na baya, S na miƙawa. Tambaya 180 ce a awa 2, Turanci 60 sauran darussa uku 40-40, in ka raba daƙiƙa 40 ke nan kowace tambaya, to wanda ya tsaya kokawa da tambaya ɗaya minti biyar ya cuci kanshi. Na riƙa tuna musu NECO zaɓi biyar take bayarwa har E, JAMB huɗu, kar ido ya ruɗe. A watan Maris na shekarar ne kuma gwamnatin tarayya da UNICEF sunka ƙaddamar da Nigeria Learning Passport, darussa kyauta a intanet, mun gwada a wayata kuma akwai amfani, sai dai data da caji, ga waya ɗaya yara goma sha.

Azumi ya kama a farkon Afrilu, kuma kowa ya san Afrilun Sokoto, zafi ya haura digiri 40, ƙarfe goma na safe allon ma zafi yake. Munka maida lesin bayan sallar asuba a ranakun da babu makaranta, sauran ranaku kuma a taƙaita da yamma a ba su aikin gida. Abin mamaki a watan ne sunka fi ganewa, kai a sake, gari shiru. Anka yi sallah farkon Mayu, ranar 6 ga wata JAMB ta fara, ko kayan sallah ba su gama sawa ba.

Tsakanin JAMB da NECO ne Yaya ta kira ni, lokacin netwok ya dawo. Ta ce wani ya gaya mata akwai santar da in an biya ana rubuta wa yara amsa a allo, ko ta sai da tunkiyarta a maida ɗiyar can? Na ce Yaya ki bar tunkiyarki. Ta ce kai dai ka cika taurin kai, ɗiyan mutane duk haka sunka yi sunka wuce, ita da ba ta samu karatu ba mi kaka so ta rubuta? Na fahimce ta sarai, uwa ce, kuma ba ita ta rufe makarantar ba. Na ce mata na farko hukumar kan riƙe sakamakon santa sukutum in an kama, kuɗi ya tafi shekara ta tafi, kuma akwai doka tun 1999 da ta tanadi tara da ɗauri kan satar jarabawa. Na biyu yarinyar nan aikin jinya take so, ranar da za a ce ta auna wa jariri magani gwargwadon nauyinshi wa zai rubuta mata amsa a allo? Ta yi shiru, can ta ce to Allah shi ba da sa'a. Abin da ke ƙona min rai shi ne masu wannan sana'ar yaran da anka raba da makaranta suke farauta, sun san iyayensu a tsorace suke.

Sai a makonnin ƙarshe munka buɗe tambayoyin baya gadan-gadan, da agogo, kamar a zauren jarabawa, ba magana ba leƙe. A lokacin sun zama abin amfani, don yaro na ganin tambaya ya san daga wane babi ta fito. NECO ta fara ƙarshen Yuni ta kai Agusta, babbar sallah ta faɗo tsakiya ranar 9 ga Yuli, ga damina ta sauka, wata rana da ruwa munka fita neman keke napep tun da duhu. Daren kowace takarda ba ma koyar da sabon abu, sai dai a duba biro biyu, fensir, rula, kalkuleta, fofiga wato littafin teburan lissafi, katin shaida, a kwanta da wuri.

Da sakamako ya fito na sayi tokin, lambar da ake duba sakamako da ita, munka je kafe ni da ita. Lissafi C5. Kemistiri, fiziks, bayoloji duk ta haye, Hausa da addini ba a magana. Turanci D7. Ta fashe da kuka a gaban mutane, ni kuwa wallahi C5 ɗin nan nake kallo, yarinyar da ta ce 1/2 da 1/3 sun zama 2/5. JAMB ɗinta ta wuce 140 da anka tsayar wa jami'o'i a shekarar, amma ba Turanci babu inda za ta. A cikin sauran yaran wasu sun haɗa biyar ɗinsu a zama ɗaya, da yawa Turancin ne ya riƙe su kamar ita, biyu lissafi. Yaron nan mai tura baro bai ƙarasa takardun ba, wanshi ya kira shi Legas, wata yarinya kuma an ɗaura mata aure bayan sallah, na je na roƙi mahaifinta a bari ta gama ya ce mijin ya yi alkawari, har yau dai ba ta koma ba.

Abin da iyaye da yawa ba su sani ba shi ne yawancin kwasa-kwasai suna karɓar sakamako na zama biyu, wato ka haɗa na wannan jarabawa da na wata. Akwai NECO ta masu zaman kansu da ake yi Nuwamba zuwa Disamba, akwai irinta ta WAEC, ba ruwanka da makaranta, a kafe ake rajista. A nan tunkiyar Yaya ta yi rana. Wata uku ɗiyata ba abin da take yi sai Turanci, kullum insha'i ɗaya da taƙaitawa ɗaya, malamarta ta koma makaranta da anka janye yajin aiki amma takan karɓi hoton rubutun ta WhatsApp ta gyara ta turo da muryarta. Ta samu C6. Sakamakon JAMB shekara ɗaya yake aiki, dole ta sake a 2023, rajistar ma ta faɗo lokacin ƙarancin takardun naira sai da taransifa munka biya, kuma makinta ya fi na farko sosai tunda wannan karon ba a guje take karatun ba. Da shi ta samu kwalejin koyon jinya.

Lesin ɗin bai mutu ba, don har yanzu mutane na tasowa daga gabas da yaransu, wasu ma ba su da takarda ko ɗaya. Matsalarmu yanzu malamai, tunda 'yan jami'a suna makaranta sai ranar Asabar da Lahadi, ga benci da ya kakkarye. Wanda zai kawo yaro ya taho da silif ɗin NIN da duk wata takarda ta tsohuwar makarantarshi ko da kati ne ya yage, kuma ya kawo shi tun yana SS2 in da hali, kar a jira sai an fara sayar da fom.